Tambari ko shafin intanet: da wanne ƙaramar ƙungiyar bincike za ta fara?

Sakataren ƙungiya, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da 'yan'uwa masu sanin wannan fanni, ina neman shawararku a madadin wata ƙaramar ƙungiyar bincike da nake yi wa sakatare a nan Garwa, a arewacin Kamaru. Ƙungiyar ba ta neman riba, kuma an yi mata rajista a ofishin farfe, wato shugaban gunduma, bisa dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990. Aikinmu shi ne tattara bayanai a kan noman rani da kiwo a kwarin Binuwai da wasu sassa na jihar Arewa Mai Nisa, wato noman masakwa (dawar rani) a ƙasar laka da ake kira karal, da noman albasa, da farashin hatsi a kasuwannin mako-mako, da kuma saɓanin da kan taso tsakanin manoma da makiyaya a kan burtali da mashaya. Yawancinmu malaman makaranta ne da tsofaffin ɗaliban jami'o'in Ngaundare da Marwa. Abin da muke fitarwa rahotanni ne da Faransanci, kuma har yanzu ta WhatsApp muke raba su, ko mu buga kwafi kaɗan mu kai ofisoshi.

Wata hukuma da ke tallafa mana ta ware kuɗi kaɗan domin mu samu tambari da shafin intanet, sai ga shi kan kwamitinmu ya rabu. Wasu suna ganin a zuba mafi yawan kuɗin a kan tambari da allon ƙofa da riguna, domin a cewarsu su ne mutane ke fara gani. Wasu kuma suna ganin shafin ya fi muhimmanci. Hatta a kan tambarin ma ba a daidaita ba: wani yana son taswirar jihohin arewa uku, wani buɗaɗɗen littafi, wani zangarniyar dawa da ƙahon saniya, wani kuma hannaye biyu suna musabaha. Samfurin da aka kawo mana ya haɗa dukkansu a cikin da'ira guda, an kewaye shi da cikakken sunanmu na Faransanci.

Abin da nake so ku haska mana shi ne, da wanne ya kamata mu fara, me ya wajaba ya kasance a shafin ƙungiya irin tamu, kuma da wane harshe za a rubuta shi, tun da masu ba mu tallafi Faransanci da Ingilishi suke karantawa, alhali mutanen da muke bincike a cikinsu Fulatanci da Hausa suke ji. Allah Ya saka da alheri.

Mai zane, Marwa

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Zanen tambura da allunan talla shi ne sana'ata, saboda haka a kan tambarin zan tsaya, sauran kuma in bar wa waɗanda suka fi ni sani.

A ganina da tambarin za ku fara, domin mai gina shafi ba zai iya zaɓen launi da salon haruffa ba sai an riga an tsai da su, amma farawa da shi ba ya nufin a ƙarar da kuɗin a kansa. Wancan samfuri mai hotuna huɗu kuwa, ina roƙonku da ku jarraba shi kafin ku amince. Ku kai shi wurin mai sassaƙa hatimin roba ya yi muku kashe, wato hatimi, da shi, ku buga a takarda, sannan ku yi fotokofin takardar baƙi da fari, ku sake yin fotokofin wannan kwafin. Haka takardunku za su yi yawo daga ofishin farfe zuwa na magajin gari zuwa fadar lamiɗo. Bayan haka ku sa shi a matsayin hoton lambar WhatsApp ta ƙungiya, ku dube shi a cikin jerin saƙonni, inda girmansa bai wuce farcen yatsa ba. Ina da yaƙinin taswirar da littafin da hannayen za su cakuɗe su zama tabo guda, rubutun da ya kewaye su kuma ba wanda zai iya karanta shi. Alama ɗaya ta isa, kuma da ni ne da zangarniyar masakwa zan ɗauka, domin siffarta a dunƙule take, ana iya zana ta da layuka kaɗan, duk mutumin Diyamare ko Mayo Kani kuma yana ganinta zai gane ta. Sai dai ku tuna kuna bincike a kan rikicin manoma da makiyaya, saboda haka ku fara jin ra'ayin makiyayan da kuke aiki da su, kada alamar ta sa a ɗauka kun karkata. Idan hakan zai zama matsala, gara ku koma ga alamar ruwa, wadda kowane ɓangare yake buƙata, ko ku wadatu da sunan kawai a rubuce da kyau.

Akwai abubuwan da nake hana abokan cinikina sakawa. Taswira tana jawo magana, musamman a yankinmu, inda sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002 kafin a daidaita iyakar Kamaru da Najeriya, har da yankin Darak a Tafkin Chadi. Layi ɗaya da ya karkace zai iya sa wani jami'i ya riƙe muku takarda. Harshen wuta yana tuna wa kowa jam'iyyar RDPC mai mulki. Jan kuros da jan jinjirin wata a kan farin fili alamu ne da yarjejeniyoyin Janiba suka keɓe, tuta da hatimin ƙasa kuma ba na ƙungiya mai zaman kanta ba ne.

A kan launi, biyu sun wadatar, sai baƙi na rubutu. Ku nemi a rubuta muku lambobin kowane launi kashi biyu, na fuskar waya da kwamfuta, wato RGB, da na injin ɗab'i, wato CMYK, in ba haka ba koren da ke shafinku dabam, na bangon rahoto dabam, na rigar da aka buga a Duwala kuma dabam. Ku kuma yi la'akari da ranar Maris da Afrilu a Garwa, wadda ke kai zafi sama da digiri 40: jan fenti da mai ruwan lemo suna saurin koɗewa a allon da ke waje.

Abin da masu zane da yawa ke mantawa shi ne haruffanmu. Yawancin kyawawan salon haruffa da ake saukewa kyauta ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ba su kuma da ŋ da Fulatanci ke buƙata, sai ka ga kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya fito a karkace a tsakiyar kalma, ko ya zama ɗan akwati. Kafin ku amince da kowane salo, ku sa a rubuta muku jimla ɗaya ta Hausa da ɗaya ta Fulatanci da manyan haruffa da ƙanana, siriri da mai kauri. Noto Sans na Google yana da su duka, haka ma Andika da Charis da Gentium na cibiyar SIL, kuma dukkansu kyauta ne har da lasisin da ya halatta a ɗora su a shafi.

Daga ƙarshe, kada ku biya cikon kuɗin mai zane sai ya miƙa muku ainihin fayil ɗin da ake iya faɗaɗawa ba tare da ya dushe ba, irin su SVG, tare da tambarin mai launi, da baƙi zalla, da fari zalla, da takarda mai shafi biyu ko uku da ke bayyana yadda ake amfani da shi. Hoton da aka turo ta WhatsApp ba tambari ba ne, domin manhajar tana matse shi.

Malama a jami'a, Ngaundare

Malam Sakatare, barka da ƙoƙari. Na yarda da kusan duk abin da ƙanena mai zane ya faɗa a kan yadda tambari ya kamata ya kasance, amma ban yarda da shi a kan cewa da tambarin za a fara ba. Ƙungiyar bincike da rahotanninta ake saninta, kuma ni kaina, duk cibiyoyin da nake ambaton ayyukansu a rubuce-rubucena, da za a ce in zana tambarinsu da ka ba zan iya ba. Abin da na sani shi ne ko ana samun rahotonsu idan an nema, da ko ana iya dogara da shi.

Ku fara da tambayar kanku wane ne zai buɗe shafin. Manomin masakwa a Salak ba zai buɗe ba, kuma babu laifi a faɗi haka. Masu buɗewa su ne jami'in hukumar tallafi da ke Yawunde ko Turai, wanda takardar neman kuɗinku ke gabansa yana son ya tabbatar kuna nan da gaske. Da ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a Marwa ko a sabuwar jami'ar Garwa da aka kafa a 2022. Da ma'aikacin IRAD, cibiyar binciken aikin gona ta Kamaru, ko na Hukumar Tafkin Chadi da ke Njamena mai neman alƙaluman wata kasuwa. Da ɗan jarida. Dukkansu abu uku suke nema: su wane ne ku, me kuka gano, kuma wa ke biyan kuɗin aikin. Shafin da ya amsa waɗannan cikin minti ɗaya ya yi aikinsa ko da ba shi da ado, wanda kuma ya tarbi mutum da hotuna masu juyawa da dogon jawabin shugaba bai yi ba.

Saboda haka ina ba ku shawara ku ɗauki rumbun rahotanni a matsayin zuciyar shafin. Kowane rahoto ya samu shafinsa na kansa mai adireshin da ba ya canzawa, a rubuta take, da sunayen marubuta, da shekara, da wurin da aka yi binciken, da taƙaitawa ta sakin layi ɗaya ko biyu da za a karanta ba tare da an sauke komai ba, sannan a ƙasa a sa fayil ɗin PDF tare da faɗin nauyinsa, domin mai ƙarancin data ya san abin da zai kashe. Kada a tara rahotanni ashirin a shafi ɗaya da sunaye irin su "rahoto na ƙarshe 2". Kada kuma a ɗauki hoton rahoton da aka riga aka buga a mai da shi PDF, domin ba koyaushe injin bincike ke iya karanta rubutun da ke cikin hoto ba. Daga kwamfutar da aka rubuta shi za a fitar da shi kai tsaye. Google Scholar, wanda a nan ɗalibanmu ke fara nema, ya shimfiɗa sharuɗɗansa a fili: rubutun ya zama wanda ake iya bincika kalmominsa, take da sunan marubuci su fito sarai a shafin farko, fayil ɗin kuma kada ya wuce megabait 5. Ku gaya wa mai gina shafin wannan tun kafin ya fara, domin akwai bayanan da yake sakawa a bayan fage waɗanda ke sanar da injin cewa wannan aikin ilimi ne.

Abu na biyu, kada shafinku ya zama shi kaɗai ne ma'ajiyar aikinku. Ƙungiyoyi nawa ne a arewacin ƙasar nan suka yi bincike mai kyau, tallafi ya ƙare, shafi ya mutu, rahotannin suka bi shi? Akwai ma'ajiya mai suna Zenodo, wadda cibiyar CERN ta Janiba ke riƙe da ita tun 2013. Ana ɗora rahoto ko teburin alƙaluma a cikinta kyauta, ta ba shi lambar DOI, wadda ita ce masu bincike ke amfani da ita wajen ambaton aiki, kuma lambar tana nan ko da shafinku ya rufe. Kowane mai bincike a cikinku ya buɗe lambar ORCID, wadda ke bambanta mai bincike da waninsa, ita ma kyauta ce, kuma tana da amfani na musamman a wurinmu, inda mutum goma ke iya amsa suna ɗaya, ga shi kuma ana rubuta sunan da salon Faransanci a wata takarda, da salon Hausa a wata. Ku kuma bayyana lasisin da kuka saki rahoton a kansa. CC BY ta Creative Commons tana halatta wa kowa ya kwafa ya yaɗa muddin ya ambace ku.

Farashin hatsin nan da kuke tattarawa, a ganina shi ne dukiyarku mafi daraja, kuma shi zai fi jawo muku masu ziyara. Ku fitar da shi a teburin da ake iya saukewa a buɗe da Excel, ku bayyana kasuwar, da ranar, da ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin buhu da tasa da kofi ba girmansu ɗaya ba daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma alƙalumman da ba a faɗi ma'auninsu ba ba su da amfani ga kowa. Shafi ɗaya da ke bayyana yadda kuke tattara bayanai, da wani da ke lissafa masu ba ku tallafi da shekarun da suka bayar, sun fi kowane take mai daɗi sa a amince da ku.

Inda nake ganin kuɗin mai zane zai fi amfani shi ne tsarin rahoton kansa: bango iri ɗaya, da salon teburi da jadawali iri ɗaya, a cikin fayil ɗin Word da kowane ɗan ƙungiya zai iya cikawa ba tare da ya ɓata shi ba. Rahoton ne ke yawo a WhatsApp, ba shafin ba, saboda haka kowane shafi na rahoton ya ɗauki sunanku da adireshinku a ƙasa.

Batun harshe kuwa, kada ku ɗora wa kanku abin da ba za ku iya ɗauka ba. Cikakken shafin ya kasance da Faransanci, bayanin ƙungiya da taƙaitawar kowane rahoto kuma a yi su da Ingilishi, tun da su ne harsunan hukuma biyu. Fulatanci da Hausa wurinsu shi ne murya: bayani na minti uku ko huɗu a kan abin da binciken ya gano, wanda za a tura ta waya ko a ba gidajen rediyon al'umma, a kuma ajiye kwafinsa a shafin rahoton. Mu Hausawa mu yarda cewa a jihohin nan uku Fulatanci ya fi yaɗuwa, saboda haka idan ɗaya kawai za a iya yi, shi za a fara. Sashen labarai kuma, idan babu wanda aka ɗora wa alhakin sabunta shi, a bar shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, domin labarin ƙarshe mai shekara biyu yana sa baƙo ya ɗauka ƙungiyar ta watse.

Sakataren ƙungiya, Garwa

Na gode ƙwarai, Malama, na gode Malam mai zane. Zan gabatar wa kwamiti da waɗannan bayanai yadda suke. Akwai abu biyu da suka rage. Na ɗaya, wani matashi ɗan'uwan ɗaya daga cikin shugabanninmu ya yi tayin gina shafin da rahusa, ya ce zai sayi adireshin da katin bankinsa kuma ya ajiye shafin tare da na sauran abokan cinikinsa. Bai kuma tsai da shawara tsakanin adireshi mai ƙarewa da .cm da mai ƙarewa da .org ba. Na biyu, muna shirin fara aiki da wasu abokai a Kusiri da Njamena, kuma sun tambaya ko za a sa Larabci.

Injiniyan kwamfuta, Njamena

Malam Sakatare, sallama daga wannan ƙetaren Lagone. Tayin matashin ba laifi ba ne, kuma mai yiwuwa ya iya aikin sosai, amma akwai sharaɗin da ba a sassautawa: adireshin shafi da sunan ƙungiya ake rajistarsa, da imel na ƙungiya, kuma aƙalla mutum biyu daga cikin shugabanni su riƙe kalmar sirri. Ko da shi zai biya da katinsa ku mayar masa, a wurin da aka rubuta mai mallaka sunanku za a sa. Wanda ya bari aka yi rajista da sunan wani ya yi gini ne a filin aro. Na sha ganin ƙungiyoyin da mai gina musu shafi ya tafi karatu waje ko suka saɓa da shi, lokacin sabuntawa ya zo saƙon tunatarwa ya tafi akwatinsa, adireshin ya faɗi, wani ya saye shi ya cika shi da tallan caca, alhali yana nan a buge a bangon duk rahotanninsu. Adireshin .org ana iya biyan kuɗinsa har na shekara goma a gaba, saboda haka tun da kuɗin tallafi yana hannu yanzu, ku biya na shekaru da yawa lokaci guda. Ku kuma lura da lambar wayar da ake turo wa lambar tabbatarwa, kada ta zama layin da zai daɗe ba a amfani da shi har kamfani ya ba wani.

Tsakanin biyun, .cm yana ƙarƙashin hukumar ANTIC ta Kamaru, yana kuma nuna ku 'yan ƙasa ne, amma yana da larurar kama da .com, har mutanen waje kan ƙara masa harafi da kansu suna zaton kuskure ne. Tun da kuna shirin aiki a ƙasashe biyu kuma masu tallafa muku suna waje, ni .org zan zaɓa a matsayin babban adireshi, idan da hali a sayi .cm ɗin ma a juya shi zuwa can domin kada wani ya riga ku. Da adireshin ya samu, ku buɗe imel a kansa. Takardar neman tallafi da ta fito daga adireshin ƙungiya ta fi wadda ta fito daga Yahoo ɗin sakatare kwarjini nesa ba kusa ba.

A wajen ginin, abin da zan nanata shi ne nauyi. Mai zane yana gwada shafi a kwamfutarsa a wurin da rezo, wato netwok, ke da ƙarfi, masu karatunku kuwa da ƙaramar waya za su buɗe, da datar da suka saya ta kwana ɗaya, wataƙila ma wuta ta ɗauke suna tattalin caji. Ku rubuta a yarjejeniya cewa shafin farko kada ya wuce megabait 1, babu bidiyo mai tashi da kansa, hotuna a rage su kafin a ɗora. Ranar karɓar aiki kuma kada a gwada shi a ofis. A ba wani wakilinku da ke Yagwa ko Mora ya buɗe da wayarsa a tsakar rana ya faɗi abin da ya gani. A nan ne za ku gane amfanin ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa wa kowa karanta shafukan intanet, wadda ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, domin rubutu mai ruwan toka a kan fari ba ya karantuwa a hasken ranarmu. WordPress, tsarin gina shafukan intanet, zai ishe ku, kuma fa'idarsa ita ce ko wannan matashi ya tafi za ku samu wani a Garwa da ya san shi, sai dai yana buƙatar a riƙa sabunta shi, a rage tarkacen ƙare-ƙare, a kuma riƙa ajiye kwafinsa a wani wuri dabam kowane wata. Takardar tsaro da ke sa adireshi ya fara da https kyauta ce ta hanyar Let's Encrypt, kada a caje ku a kanta.

Wasu za su ce muku shafin Facebook ya wadatar. Mu a Chadi mun ga lokacin da aka toshe kafofin sada zumunta daga Maris 2018 har zuwa Yuli 2019, saboda haka ba na ba kowa shawarar ya ajiye aikinsa a can kaɗai.

Larabci kuwa harshen hukuma ne a nan tare da Faransanci, kuma zai buɗe muku ƙofofi a Njamena, amma ba fassara kawai ba ce. Rubutun daga dama yake farawa, saboda haka jerin maɓallai da teburori da wurin tambari duk sai sun juya, kuma sai an zaɓi salon haruffan Larabci da ya dace da na bokon. Ku gaya wa mai ginin tun yanzu ya zaɓi tsarin da ke karɓar wannan juyi, amma ku fara da shafi ɗaya tak na bayanin ƙungiya, wanda wani masani zai rubuta da daidaitaccen Larabci. Larabcin da ake yi a kasuwar Kusiri kuma, shi ma a murya zai fi amfani, kamar yadda Malama ta faɗa a kan Fulatanci.

Tsohon ma'aikacin shari'a, Garwa

'Ya'yana, kun yi bayani mai gamsarwa, ni ɓangaren doka kawai zan ƙara. Da farko, Malam Sakatare, ka ce rajistarku ta dokar 1990 ce. To, kada mai zane ya rubuta muku ONG, wato NGO da Faransanci, a tambari ko a shafi, domin wannan matsayi ne dabam da dokar 22 ga Disamba 1999 ta tsara, kuma sai ƙungiya ta yi aƙalla shekara uku tana aiki sannan ta nemi amincewar ma'aikatar mulkin cikin gida. Ku rubuta abin da kuke da shi, tare da lambar takardar shaidar rajistarku da ranarta, kuma sunan da ke shafin ya dace da wanda ke takardar da wanda ke asusun banki harafi da harafi.

Na biyu, biyan kuɗin zane ba shi ne mallakar zanen ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000 tana kare wanda ya ƙirƙiri aikin, saboda haka a rubuta a yarjejeniya cewa ya miƙa wa ƙungiya haƙƙin amfani da tambarin da sauya shi a kowane wuri. Idan kuna son kare sunan da tambarin daga masu kwaikwayo, wurin zuwa shi ne OAPI, hukumar Afirka mai rajistar sunaye da alamomin kasuwanci, da ke Yawunde. Rajista ɗaya a can tana aiki a ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Chadi da Nijar, na tsawon shekara goma da ake sabuntawa, amma Najeriya ba ta ciki. Ko ba ku da kuɗin rajistar yanzu, ku bincika kada gajeren sunan da kuka zaɓa ya zama na wani ne.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato hotuna da sunayen mutanen da kuke tattaunawa da su. Kamaru ta samu dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, Chadi kuma tana da tata tun 2015, amma ko babu doka, kun san halin rashin tsaro da ake ciki a Mayo Sava da Mayo Tsanaga da Lagone da Shari. Hoton makiyayi da garkensa da sunan ƙauyensa a shafin da duniya ke gani zai iya jawo masa masu satar mutane, maganar da wani ya faɗa a kan rikicin gona kuma za ta iya dawo masa. Ku nemi izini a bayyane da harshen da mutum yake ji, ku gaya masa inda hoton zai fito, kada ku sa fuskar yara, kuma a teburin da za ku saki ku cire duk abin da zai sa a gane gida ko mutum.

Mai zane, Marwa

Baba, wannan magana ta hotuna ta shafi aikina kai tsaye, kuma akwai mafita. Ana iya tsai da ƙa'ida tun a takardar bayanin tambari cewa hotunan ƙungiya na aiki ne da wuri: hannu yana dashen masakwa, buhunan albasa a bakin hanya, ma'auni a kasuwa, shanu a mashaya daga nesa. Mai gina shafi kuma sai ya tabbatar ana goge bayanan da waya ke liƙa wa hoto kafin a ɗora shi, domin a cikinsu har da daidai wurin da aka ɗauka. Malama kuma, na karɓi gyaranki a kan tsarin rahoto. Idan haka ne, Malam Sakatare, ku haɗa tambarin da bangon rahoton da fayil ɗin Word a yarjejeniya ɗaya, a gama su kafin mai gina shafi ya fara, riguna da allon ƙofa kuma su jira abin da ya rage.